Rasuwar Ja-da-Baya, Keken Mani na Pauwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da aka ƙaddara, Malam Mani na Pauwa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekensa Ja-da-Baya, wanda ajali ya riska ranar kasuwar 'Yankara, a ƙarƙashin tifar masu zuba kwalta.

Ba a kanti aka sayo marigayin ba. Shekarar ƙarin albashin Udoji, da ma'aikata suka koma hawan babur suka yasar da kekunansu, Mani ya bi bola yana tsinto gaɓoɓi. Jikin daga Ƙanƙara, sirdi daga Faskari, wilin baya kuwa wani bakanike a Sabuwa ya ba shi kyauta don ya rasa gane kansa. Birkin wannan wili a ƙafa yake. Babu abin matsawa a hannu. Mai son tsayawa sai ya mai da feda baya.

Marigayin mai gudun duniya ne. Daga gida sai masallaci, sai injin niƙa, sai gona. Bai taɓa tsere da kowa ba. Maganarsa biyu ce, ƙirrin-ƙirrin in ya ga mutum, da wani gurrr a hankali in zai tsaya.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da aike. Surukin Mani, Baba Gide, ya turo a ara masa keke zai je kasuwa. Suruki ba a hana shi aro. Ba a kuma tsayawa gabansa ana koya masa hawan keke, balle a buɗe baki a ce da dattijo ya koma baya. Mani ya kai keken ƙofar gida, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa, idonsa a ƙasa. Maganar birki ta zo masa har leɓe, kunya ta haɗiye ta.

A gangaren rafi tifa ta ɓullo. Waɗanda suka gani sun ce Baba ya yi ta damƙar iska da hannu biyu, yana neman abin da babu. Allah ya jefa shi cikin kwari. Keken ya wuce shi kaɗai.

Tun ranar Mani yake juya tambaya ɗaya, ya kai ta gaban malamai biyu bai samo amsa ba: ladabin da ya karya ƙugun mutum, sunansa ladabi har yanzu?

Marigayin ya bar famfo ɗaya, da ƙararrawa da ta fita ba ko ƙwarzane. Ya bar Baba Gide kwance a hannun maɗori. Ya bar Suwaibatu, matar Mani, wadda ta tafi jinyar mahaifinta, ta kuma aiko a kai mata akwatinta.

Za a binne shi ranar Laraba bayan la'asar, a bayan maƙerar Pauwa. Amma kafin nan za a bi da gawar ta gidan Baba Gide, domin 'ya'yansa maza sun ce sai sun duba kan keken da idonsu, sun ga ko haka aka ƙera shi, ko cire birkin aka yi. Masu niyyar rakiya su tsaya a gindin tsamiyar bakin hanya. An ce Mani ya shigo shi kaɗai.