Takarda Mai Lamba Bakwai

Wani mutum ne a Zariya, Injiniya Barau. In ya fara ba ka labarin kansa, sai shayinka ya huce a hannu. Wai har daga Dubai ake bugo masa waya in sadarwa ta tsaya, ya ce "danna kaza", sai ta tashi. Mu dai ba mu taɓa ganin ya gyara ko tocila ba.

To, sai aka kafa kwamitin mutum tara, aka sa shi ciki. Aikinsu a kan irin sadarwar nan ce ta kwamfutoci wadda ba a ja mata waya, cikin manhaja kawai ake ƙirƙiro ta. Kowane kamfani da sunan da yake kiran ta, ma'aikata duk sun rikice. Aka ce kwamiti ya tsayar da suna ɗaya da ma'ana ɗaya, kowa ya bi. Wanda shawararsa ta ci, shi zai kai ta babban taro a Abuja.

Tsarin kuwa, kowa ya kawo shawararsa ba suna. Sakatariya, Hajiya Lantana, ita ke sa wa takardu lamba, ta ɓoye sunayen a ambulan.

Barau tuni ya ba da ɗinkin babbar riga, ya shaida wa duk majalisarsu cewa Abuja ta yi kira. Rubutun fa? Ina! Abokan aikinsa na da ya buga wa, su uku, kowa ya turo masa ɗan bayani ta waya. Ya tura wa mai buga takardu a bakin kasuwa, ya ce a haɗa. Aka haɗa, ya miƙa wa Lantana ko kallo bai yi ba. Dabararsa ita ce ya kushe ta kowa. Tasa kuwa, ai da an karanta ɗakin zai ɗau tafi.

Ranar zama ya shigo yana baza turare, ya sa wayarsa caji a bango, ya hakimce. Shugaban kwamiti, Farfesa Ɗayyabu, ya ce a fara. Takarda ta ɗaya, Barau ya ce shirme. Ta biyu, ya ja tsaki. Haka har shida.

Lantana ta ɗauko ta bakwai, ta yi gyaran murya. A layin farko an ce "sadarwar gaibu". A tsakiya ta koma "sadarwar inuwa". Kafin ƙarshe ta zama "sadarwar bogi".

Barau ya bugi tebur, bam!

"Innalillahi! Abu ɗaya, suna uku a shafi guda? Ranka ya daɗe, wannan ai cutar da aka tara mu mu magance ce ya kawo mana a faranti!"

"Injiniya, a yi a hankali," in ji Lantana.

"Wane hankali, Hajiya? Wallahi raina ya ɓaci! Wannan bai san hagunsa daga damansa ba. Ko soket kada a bar shi ya taɓa!"

Lantana ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Ta sake cewa, "Da mun wuce zuwa ta takwas kawai."

"Ba inda za mu! Na kawo ƙuduri: a cire shi daga kwamiti, a hana shi taɓa kayan lantarki a ɗakin nan, a kuma faɗi sunansa mu san shi!"

Farfesa ya dube shi ta saman tabarau. "Ka tabbata, Injiniya?"

"Ɗari bisa ɗari!"

Sauran kuwa kowa ya san tasa ba ita ba ce, ga haushin kushen da ya yi musu. Aka ɗaga hannu. Na Barau ya fi na kowa tsawo, har hularsa ta karkace.

Lantana ta yaga ambulan, kyat! Ta karanta a hankali, kamar mai kiran suna a asibiti.

"Lamba bakwai. Injiniya Barau."

Wayyo! Gumi ya keto masa sharkaf.

"A'a, ai... mai bugun ne ya... wato su ukun ne ba su..."

"Su uku wa?" in ji Farfesa.

Barau ya kama bakinsa, amma magana ta riga ta fita. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya, har da mai buga ƙafa. Ya tattare babbar rigarsa sumui-sumui, ya nufi bango zai zare cajarsa ya gudu.

Lantana ta ɗaga biro.

"A'a, Injiniya! Kada ka taɓa soket. An riga an kaɗa ƙuri'a."