Masu Zikiri a Saman Ɗakin Sidi

"…ina gajiya, ango? Ko har yanzu baƙinka na sama ba su bar ka ka runtsa ba?"

Luba ce ke gaisuwar tana haki, rungume da kwalaye, don sai da ta taka matakalar tsohon benen nan na unguwar Ruwais har ƙarshenta. Kakanta Muntaka, wanda jikoki ke kira Sidi, yana kan darduma da carbi a hannu. Tun rasuwar kakarta shi kaɗai ke zaune a gidan hayar. Watanni ke nan yana gaya wa kowa akwai masu zikiri a saman silinsa, har mahaifin Luba, Abdulghaffar, ya yanke cewa tsufa ya fara taɓa kan tsohon. Yau bayan la'asar Abdulghaffar zai sanar da mai ginin, Abdulmohsen, ba za a sabunta haya ba. Luba aka aiko ta fara haɗa kaya. Abin bai yi mata daɗi ba, sai ta ɓoye shi a cikin tsiya.

"Lafiya lau, amarya. Kwalayen nan fa? Lefen da na yi miki kike dawowa da shi?"

"Wane lefe? Mutumin da ko haƙorin cin dabino ba shi da shi? Kayanka zan kwashe. Baba ya ce halas, magana ta ƙare, ka koma wurinsa."

"Abdulghaffar? Wanda ranar kaciyarsa har unguwar Bab Makka aka jiyo ihunsa? Shi ne yau zai ɗauke ni kamar buhun shinkafa? In bar wa wa maƙwabtana?"

"Sidi, kai ne ƙarshen gini. Daga kai sai tankin ruwa, daga tanki sai ikon Allah."

"Tsakanina da tanki fa?"

Ya nuna da carbinsa wata 'yar ƙofar katako a silin, wadda fenti ya daɗe da liƙewa. A bayanta akwai sandara, ɗan kogon nan da ake bari tsakanin silin da rufin bene.

"Wannan ai ba taka ba ce," in ji Luba. "Ammu Abdulmohsen ya ce hayarka a silin ta tsaya."

"Haka ya ce yanzu? Shekarar da ruwan sama ya zubo ta nan ya jiƙa katifar kakarki, cewa ya yi, 'Ya Muntaka, sama taka ce, ka gyara.' In tana yoyo tawa ce, in ta bushe tasa? Ni da na kama haya, daga tabarmata har sama ta bakwai na kama. Ko wata ne ya zo saitin ɗakina sai ya yi sallama."

"To ka riƙa tare jiragen alhazai kana karɓar kuɗin wucewa mana, ko ma samu na cefane. Kuma in dai taka ce, ni ce matar gida, tumunin sandara nawa ne."

"Sai na mutu tukuna, mayya."

"Ai shi nake jira, ka ƙi."

Zufa ta isheta, ta miƙa hannu za ta kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Tsohon ya buge hannun.

"Kul! Kowa ya shigo sai ya kunna wannan dodon sanyi kafin ya gama sallama. Ubanki haka, likitan da ya kawo haka. Sannan ku ce ba ku jin komai. Zauna ki yi shiru, in kin iya. Na san tun da aka haife ki ba ki taɓa gwadawa ba."

Ta zauna don ta ƙure shi. Da farko hon ɗin motoci kawai ta ji daga titi. Can sai wani sauti ya fito daga ƙarƙashin shirun, mai kauri, ba ya yankewa, kamar jama'a masu yawa suna jan numfashi guda a masallaci mai nisa.

"Bututun ruwa ne," ta ce, amma muryarta ta ƙanƙance.

"Bututun gidanku ne ke ƙara murya da hantsi ya sassauta da magariba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga tsani can a baranda. In babu kowa, in bi ki kamar raƙumi da akala. In akwai, na sake ki, saki ɗaya."

"Alhamdulillahi, dama na gaji da wankin jallabiya."

Ta jingina tsani, ta ɗauki wuƙa don ɓanɓare fenti. Sai ga shi ya taso da kaskon turare, hayaƙin itacen udu na tashi.

"Riƙe. Ba a shiga majalisin zikiri hannu rabbana. Ki fara tura musu ƙamshi, sannan ki yi sallama. Kada ki kunyata ni gaban manya."

Ta yi dariya, amma ta karɓa. Ta ɗaga ƙofar kaɗan, ta tura kaskon ciki, ta jira. Sautin ya tashi, sannan ya kwanta. Da ta duba ƙasa, sai ta ga tsohon ya riƙe mata tsanin da hannu biyu.

"Luba." Rabon da ya kira sunanta haka har ta manta. "In babu komai, ki gaya mini gaskiya."

Ta cusa kai.

Haske na shigowa ta wani bulo mai huji a bangon gabas, ya zuba a kan abin da ba ta da sunan kiransa nan take. Saƙar zuma ce ke rataye daga rufi, fai-fai bayan fai-fai, kamar labulen da aka jera a shagon masu yadi. Tsofaffin sun yi duhu kamar dabino, sababbin fari sol, na tsakiya kuwa rana ta ratsa su suna ƙyalli kamar zinariya a wuta. Ƙudan zuma sun lulluɓe su, ba iyaka, kowanne na kaɗa fiffike, ba mai ture wani. Ɗumi da ƙamshi suka daki fuskarta. Sautin ba a kunne ta ji shi ba, a ƙirji. Shekaru tana shigowa gidan nan tana shan shayi, gari guda na zaune a saman kanta.

"Subhanallah," kawai take maimaitawa.

"Me kika gani? Sun amsa?"

"Ƙudan zuma ne, Sidi. Wallahi gari ne guda. Turarenka ne ya kwantar da su."

Tsohon ya goge ido da gefen hularsa.

"Ashe ban haukace ba."

Luba ba ta sauko ba sai da ta kira mahaifinta ta bidiyo, ta ɗaga wayar cikin sandara yana kallo. Da Abdulghaffar ya gama gani, a hankali ya ce, "Mayar da kwalayen. Ki ce wa Baba ina zuwa in ba shi haƙuri. Abdulmohsen kuma ni zan roƙe shi kada a taɓa su."

Ta ciro kaskon, ta rufe ƙofar a hankali. Wani ɗan guntun saƙa da ya manne a katakon ya ɓalle a tafinta, ƙudan zuma ɗaya kuma ya sallame ta da harbi a yatsa.

"Wayyo!"

"Kuɗin shiga ne. Kin ga abin da babba ya hango yana zaune, yaro sai ya hau tsani. To, alƙaliya, sandara ta wa?"

"Ba taka ba ce, ba ta Ammu ba ce. Masu ita na ciki."

"Kin fara hankali. Wanda ya ba su izinin zama a duwatsu da itatuwa da ginin ɗan Adam, Shi Ya sa musu hannu. Hayarsu ta girmi benen. Ni maƙwabci ne kawai."

"Sakin fa?"

Ya karɓi guntun saƙar, ya raba biyu, ya miƙa mata mafi girma, zuma na bin yatsunsa.

"Na mayar da ke. Ga sadaki."

Ta sa a baki, ta lumshe ido, yatsanta na zogi.

"Na sallama, ango," ta ce tana dariya. "Amma tumunina na nan."