Ranar da Na Kulle Kawu Sale

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na jefa Kawu Sale a gidan yari da hannuna.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, dillalin shanu a Fatakwal. An yi wata hatsaniya a kasuwar dabbobi, sai jita-jita ta isa Gusau cewa an kama shi. Ya kira gida ya ce lafiyarsa ƙalau, amma Inna, kakata, ta ce sai ta gani da idonta. Kiran bidiyo kuwa ya ƙi shiga.

Ni kuwa a lokacin ina wurinsa a Fatakwal, nan na miƙe na ce a bar mini aikin (sati biyu ke nan da na fara koyon haɗa bidiyo, amma ji nake na gama). Na zaunar da Kawu a gaban bangon shago, ko fenti babu, na ɗauke shi bidiyo.

Akwai wasu layuka na tsaye da na kwance da ake ɗorawa a kan hoto don mutum ya zauna daidai. Manhajata ba ta da su, sai na sauko da wasu baƙaƙe masu kauri daga intanet na liƙa. Ana cire su in an gama. Ni dai ɗoki ya sa na tura wa Inna ban cire ba.

Kafin la'asar wayar Kawu ta yi ƙara. Inna ce, tana kuka, ga hayaniyar 'yan jaje a bayanta.

"Sale, wane gidan yarin ne? Kada ka ɓoye mini."

Kawu ya ce in nuna masa abin da na tura. Ga shi nan zaune a bayan sanduna, yana cewa, "Inna, kada ki damu, ana kula da ni sosai." Dillalai biyar suka leƙo. Ɗaya ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Kawu ya juyo ya dube ni.

"Ɗana, tun da ka kulle ni, ka zo ka yi belina."

Na tura wanda na gyara, Inna ta ce na kafin a kama shi ne. Washegari dole Kawu ya hau motar Gusau don ta taɓa shi da hannunta.

Yanzu ba na tura bidiyo sai na kalle shi sau biyu, na biyun da idon Inna.