Jirgin da Ya Kwanta a Gonar Kawu Mamuda

Yau Asabar da sassafe aka koro ni daga gonar kawuna, da sungumi a kafaɗata da digiri a kaina. Jiya ma an koro Kawu Mamuda shi kaɗai, shi ya sa yau ya tafi da ni, wai in je in yi musu Turanci. Matarsa Inna Saude na biye da mu da ƙwaryar iri a ka. Muna isa muka tarar da leda mai ja da fari ta zagaye gonar kaf, tun daga kan iyaka har gindin kuka, ga wani matashi cikin kaki yana gadi. Na gyara murya na yi masa Turanci na kusan kwatan awa, har da 'yancin ɗan ƙasa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce da Hausa, "Malam, duk na ji. Amma ba a shiga."

A tsakiyar gonar kuwa, ga jirgin yaƙi mai saukar ungulu kwance a gefe guda, ƙafafu a sama, kamar jakin da ya gama birgima.

Bari in koma baya don waɗanda ba 'yan garinmu ba. Ƙauyenmu na tsakanin Gwiwa da Roni, kuma ba mu taɓa roƙon kowa jirgi ba. Ranar Litinin ya sauka a gonar Kawu, don ita ce fili mafi shimfiɗa a kusa. Ya kawo Mai Girma Sarkin Yanka Kirtani, wanda ya zo duba yadda muka shirya wa damina. Ku riƙe wannan a ranku. Mai Girma ya yi jawabi, ya gargaɗe mu da mu guji sakaci, aka tafa. Da aka zo tashi jirgi ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Aka kira mota ta kwashe manya, aka bar mana jirgi da mutum biyu masu gadi.

Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da ake yi idan shamuwa ta dawo, gabas ta fara haɗa baƙi da yamma. Ba a jiran sanarwa. Ana ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano, a ɗaure jinkar rumbu da igiya ta kusurwa huɗu, a ƙara wa zana dirka. Hadarin farko ba ruwa yake fara kawowa ba, iska yake turowa ta duba wa ya yi lalaci. Ranar Laraba kowane gida ya gama wannan. Abu ɗaya ne ya rage a tsaye ba ɗauri a duk faɗin ƙauyen, kuma shi ne ya fi komai tsada.

Baffa Hamma, maƙwabcinmu makiyayi, shi ya fara damuwa. Ya zagaya jirgin daga nesa kamar mai taya sa a kasuwa, sannan ya je wurin ɗaya daga cikin masu gadin, matashin nan mai kaki.

"Ɗana, wannan abin naku ba ku ɗaure shi?"

"Ana ɗaurewa, Baba. Har igiyarsa ta musamman gare shi."

"To ina take?"

"Tana sito, a birni."

"A aiko da ita mana."

"Mai riƙe da mukullin ya tafi hutu."

Baffa Hamma ya ce yana da turaku huɗu na ƙirya waɗanda bijiminsa mai faɗa bai taɓa tumɓukewa ba, da igiyar rijiya sabuwa. A kafa su, a ɗaure waɗannan dogayen fukafukan na sama, a juya masa hanci ya fuskanci gabas. Ni kuma na zaro waya na bincika, sai na ga abin da masana suka rubuta ke nan: a kafe shi, a ɗaure farfela, a fuskantar da shi iska, a rufe gilashi. Baffa Hamma bai taɓa shiga aji ba, amma layi ɗaya kawai ya bari, na gilashin, shi ma Inna Saude ta ce ga tsofaffin tabarmi nan.

Mai gadin ya yi waya sama. A yi masa adalci, ya yi ta yi. Amsar da ta dawo ita ce ba a yarda wata igiya ta taɓa jikin jirgi ba sai wadda aka tantance, kuma tantance igiya aikin wani kwamiti ne da ke zama sau ɗaya a wata uku. Ya kashe wayar ya dubi gabas ya ce, "Baba, wallahi ni ma ɗan manomi ne. Na san abin da ke tafe."

Ya kuwa zo. Alhamis bayan la'asar gari ya yi duhu, kaji suka shige akurki da kansu. Iska ta fara da fukafukan, tana kaɗa su sama da ƙasa, sannan ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi ta kwantar. Fiffike ɗaya ya karye ya tashi ya sauka a garken awakin Inna Saude, Allah ya tsare bai sami ko ɗaya ba. Ƙanƙara ta biyo baya ta gama da gilashin. Sai ruwa, mai kyau, irin wanda ake jira tun watan jiya. Da aka ɗauke muka zagaya gari: ba kwano ɗaya da ya tashi, ba rumbu ɗaya da ya buɗe. Mu da aka zo gargaɗa kan sakaci.

A nan nake so in jinjina wa manyanmu, don ba ni da rowar yabo. Igiyar da ta kasa zuwa cikin kwana uku ga ta can har yanzu, amma ledar zagaye gona ta iso cikin awa huɗu. Wannan ƙwazo ne. Ya nuna cewa motocinsu na tafiya, wayoyinsu na shiga, mukullan sitonsu na buɗewa, matuƙar dai abin ya riga ya lalace. Kuma kada ku ce a jirgi kaɗai ne. Haka muke yi da rufin aji, haka muke yi da kwalbati. Mu al'umma ce da ta ƙware a ta'aziyyar kaya.

Abin da ya hana ni dariya sosai shi ne ƙasa. Laimar ruwan shuka a jigawarmu kwana uku take yi, idan an yi sa'a. Wanda bai binne iri a ciki ba sai ya jira wani ruwan, wanda kan iya kai mako biyu, kuma bara duk wanda ya makara haka ruwa ya ɗauke masa gero na cikin fitar da kai. Kawu ba shi da wata gonar. Bakuna tara ke ci daga wannan. Da aka koro mu yau ya durƙusa a bakin ledar ya tura yatsa cikin ƙasa, ya zaro ya duba.

Na ce zan rubuta takardar koke, kwafi bakwai. Inna Saude ta ce, "Kafin a karanta ta an yi kaka, Musaddiƙu. Sai dai mu ci kwafin."

Da hantsi sai ga motoci biyar. Ranka Ya Daɗe Shugaban Kwamitin Duba Abin da Ya Riga Ya Faru ne da tawagarsa. Suka zagaya, suka ɗauki hoto, ɗaya ya auna tsawon fiffiken da ya karye. Suna cikin haka gabas ta sake haɗe rai. Ranka Ya Daɗe ya dubi sama, ya dubi jirgi, ya tambaya ko iskar nan tana iya mirgina shi gaba. Aka ce har cikin gari. Nan take ya ba da umarni a ɗaure shi da gaggawa. Da me? Mai gadin ya yi gyaran murya ya nuna Baffa Hamma.

"Dattijo, an ce kana da turaku."

"Ina da su, ranka ya daɗe. Sai dai ba a tantance su ba."

"An tantance yanzu."

"Madalla. To amma ni ban iya kafa turke a gonar da mai ita ke tsaye a waje ba. Ba a yin haka a nan. Sai ya shigo ya nuna mini inda zan sara."

Iska ta ɗan taɓa babbar rigar Ranka Ya Daɗe. Ya tambaya ko dole ne ledar ta zagaye gonar duka, aka rasa wanda ya san dalili. Cikin minti goma aka matso da ita ta koma taku ashirin daga jikin jirgi. Abin da Turancina ya kasa tun safe, turke huɗu suka yi shi.

Kafin la'asar mun shuke gonar, ni da Kawu muna sara, Inna Saude na zuba iri tana rufewa da ƙafa. Laimar ta yi ƙasa kaɗan, amma tana nan. Mai gadin ma da ya ga manya sun tafi ya karɓi sungumina ya yi layi biyu, kuma nasa sun fi nawa miƙewa.

Jirgi na can kwance a ɗaure tam, an lulluɓe inda gilashi yake a da da tabarmar Inna Saude. Ban taɓa ganin abin da aka tsare daga iska da kyau haka ba. An ce za a zo ɗaukarsa da zarar rahoto ya fito, don haka Kawu ya shuka kabewa a gefen ledar, ya ce ko banza ta sami abin hawa. Roƙona ɗaya ga masu girma: ranar da za ku zo, ku ajiye motoci a bakin hanya ku shigo ta kan iyaka. Kuma ku dawo wa Baffa Hamma da turakunsa, bijimin nan tun ɗazu yake yawo a gari.