Rabo Ya Kai Ambulan Baje Koli

"Daga Kurfi har Ikko babu mai ambulan irin nawa!" in ji Rabo, yana buga ƙirji a tsakiyar kasuwa. "Turawa ma ni suke tambaya yadda ake adana su."

To abokina, in ba ka san Rabo ba, ɗan kasuwar goro ne mai keke, kullum yana kan hanya tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Cutarsa guda ce: tara ambulan masu hoto. A wancan zamani, dab da samun mulkin kai, kamfanoni kan buga tallarsu a bayan ambulan, wani hoton keke, wani sabulu, wani fitilar ƙwai. Rabo ya bi masu kanti da malaman ofis yana roƙon tsofaffi har ya cika akwati. Mutane suka sa masa Sarkin Shara. Shi kuwa ya ce Sarkin Ambulan suke nufi, bakinsu ne ya kuskure.

Ana nan sai Malam Hamma, hedimastan wata firamare a Dutsin-Ma, ya shirya baje kolin tsofaffin wasiƙu, don a ga yadda saƙo ke yawo a ƙasa. Ya tare Rabo a hanya.

"Malam Rabo, ka kawo su yadda suke, da kan sarkinsu da hatiminsu. Kada ka gyara komai."

"Haba Malam! Ni za a koya wa sana'ata?"

Gogan naka ya bi Kurfi gida-gida yana gayyata a zo a ga darajarsa. Da ya koma gida ya buɗe akwati, sai ya ga duk sun yi ja da tabon goro. Ya ɗebo ruwa a ƙwarya, ya kawo sabulu.

Matarsa Rahamatu ta leƙo. "Malam, takarda kake wankewa?"

"Ke dai ki ji da tukunyarki. Wannan aikin ilimi ne."

Kan sarki suka taso saman ruwa suna iyo, tawada ta narke, keke da fitila suka haɗu suka zama kunu. Rabo ya ce ai zafi kawai suke so. Ya cika dutsen guga da garwashi ya danna. Hayaƙin da ya tashi har maƙwabta suka rugo da bokiti.

Rabo ya zauna a gaban toka ya yi tagumi. Ga shi ya riga ya gayyaci gari! Can sai ya miƙe ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado. Bari in faɗa maka sirrinsa. Akan ba Rabo wasiƙun mutanen Kurfi daga Dutsin-Ma ya kai musu, tunda hanyarsa ce. Wadda duk ya ga hotonta ya yi kyau, sai ya ce gobe zai kai. Guda bakwai suka taru, ko buɗe su bai yi ba.

Ran baje koli ya sha babbar riga, ya jera su a kan tebur, mutanen Kurfi sun cika aji.

"Abokaina na Ikko ne suka aiko mini," in ji shi. "Mun saba ƙwarai, shi ya sa ba na ma buɗewa."

Malam Hamma ya ɗauki mai hoton keken ɗinki ya karanta bayanta. "Zuwa ga Ilu Maɗinki, Kurfi."

Ilu ya zabura daga benci. "Ni? Shekara biyu ina jiran amsar kamfanin nan!"

"Kuskuren Bature ne," in ji Rabo, gumi na keto masa. "Rabo yake so ya rubuta, alƙalami ya zame."

Malam Hamma ya ɗauki mai hoton babbar mota. "Zuwa ga Gogo Mai Daddawa, Kurfi."

Tsohuwa Gogo ta dafa sanda ta miƙe. Ɗanta Jibo ya bi mota zuwa Ikko shekara uku, ba labari, har ta fara yi masa sadaka. Gogo ta ce, "Malam, yage ta ka karanta mini, kowa ya ji."

Rabo ya nufi ƙofa, Ilu ya riƙe masa riga.

Malam Hamma ya gyara tabarau ya karanta: "Gogo, ina nan lafiya. Na zama direba a kamfanin da kika ga hoton motarsa, na kuma yi aure. Ki aiko mini da amsa. In kin rasa ɗan aike, ki ɗaura wa jaki a wuya ki kora shi kudu, zai iso. Amma don Allah, Gogo, kada ki ba Rabo."