Farantan Inna a Gulbin Rima

Ƙarfe huɗu na yamma ne, a gidanmu na Goronyo. Akwai ni, da Inna, da ƙanwata Hajo. Inna tana goge tsofaffin farantanta na tangaran don jeren auren Hajo. Na kifa ɗaya, na ga tambarin kambi a gindinsa. Ni da na yi elementare na san kambi sarai, ga shi nan a jikin kwabo.

Na ce, "Inna, wanga kayan Sarkin Ingila na. Di'o ya gani, sai ɗauri."

Ta ce, "Mi ya kawo Sarkin Ingila ɗakina?"

Ban saurare ta ba. Na tattara su, na ɗaure a buhu, sannan na jefa a gulbin Rima.

Ranar kasuwar Wurno na tarar da ɗan koli ya baje irinsu, kowanne da kambinsa. Ashe tambarin kamfani ne.

Hajo ta tare da kwanonin aro. Har yau masunta marasa kunya in sun hango ni sai su ɗaga taru, suna cewa, "Malam, mun kamo kayan Sarki, mu maida?"

Mai karatu, in ka bi ta Goronyo, ka gaya musu ya isa haka.