Yadda Cindo Ya Zaɓo Faifan Inji

Kun san Malam Ilu na bayan layinmu, wanda ya yi ritaya daga gidan waya? To ku gyara zama. Wannan ba ji na yi ba, ina wurin aka yi, kuma har yau ƙuguna bai koma daidai ba.

Tun da bawan Allahn nan ya ajiye aiki ya rasa inda zai sa kansa. Sa'anninsa wasu sun kama kiwon kaji, wasu sun koma gona, shi kuwa sai ya faɗa kallon Turawa a waya suna sassaƙa ƙarfe. Kafin mu ankara ya jajibo wani ɗan inji na gwanjo, wanda masu sana'ar ke kira milin. Ɗan mitsitsi ne, mutum biyu sun ɗauke shi. Yana da siririn tebur a ƙasa inda ake ɗaure ƙarfe, da wuƙa mai juyawa da ke saukowa daga sama tana cin ƙarfen. Ya kafa shi kan benci a zaure, kullum yana shafe shi da mai. Wata takwas ina shiga zauren nan, wallahi ban ga abin da injin ya ƙera ba sai wata sakata, ita ma ta ƙi shiga ƙofar.

Ana nan ranar wata Litinin sai injin taliyar matarsa, Hajiya Uwani, ya tsaya cak. Wani ɗan kewayayyen ƙarfe mai haƙora, wanda ke juya abin murjin, shi ne ya zubar da haƙora uku. Ga shi ranar Asabar danginta na Haɗeja za su zo mata yini, mata wajen ashirin, kuma tun a waya ta yi musu alkawarin taliyar murji da manja da yaji. A danginsu kaf da taliyar nan aka san ta.

Ta ce, "Malam, bari in aika kasuwa a samo wani, ko in aro injin maƙwabta."

Malam Ilu ya miƙe tsaye. "Aro? A gidan da ke da milin? So kike a yi da ni a ƙofar masallaci? Ba aro, ba saye. Ni zan yanka miki sabo da hannuna."

Kafin ta sake magana ya kwance injin taliyar ɗaiɗai, ya zube shi a tire, ya kai zaure ya kulle.

To ashe yanka haƙora a kewaye ba ya yiwuwa sai da wani faifan ƙarfe da ake ɗorawa a kan teburin injin. Yana da hannu a gefe, in ka murza sai ya juya aikin kaɗan, ka yanka haƙori ɗaya, ka sake murzawa, ka yanka na gaba. Masu sana'ar rotari suke ce masa. Malam Ilu ba shi da shi. Kwana uku ya yi yana kallon waya yana auna injinsa, ya rubuta faɗin teburin da tazarar wuƙar a takarda, tsaf. Har nan dai babu laifi, na yaba masa. Inda ya kwafsa shi ne ranar Juma'a da safe da za mu tafi Panteka, kasuwar 'yan ƙarfe, sayen faifan, ya ce sai an biya an ɗauki Cindo.

Cindo abokinsa ne tun suna yara, dillalin raguna ne, shekara arba'in yana kara, kasuwar dabbobi. Na ce, "Haba Malam Ilu, me ya haɗa Cindo da ƙarfe?" Ya ce ai ciniki ciniki ne, kuma ba a taɓa cutar Cindo a kasuwa ba. Haka muka biya muka ɗauke shi.

Muka isa shagon wani Nafi'u mai sayar da kayan inji. Ga faya-fayan nan a jere a kan katako, mai inci huɗu, mai shida, mai takwas. Can a lungu kuma ga wani ƙato mai inci goma sha biyu a ƙasa, ya sha ƙura, wai daga wata masaƙa da ta rufe aka fito da shi. Malam Ilu ya miƙa takardarsa. Nafi'u ya duba, ya ɗauko ƙaramin.

"Baba, wannan mai inci huɗun shi ne na injinka. In ka matsa, mai shida, shi ma da ƙyar. Faifai in ya cika tsayi, wuƙa ba ta samun wurin sauka."

Sai na ga Cindo ya take ƙafar Malam Ilu. Ya fizge takardar ya cusa a aljihu, ya ja shi gefe.

"Kai wane irin mutum ne? Ka zo sayen abu ka miƙa wa mai kaya takarda? Kuma ka ga wanda ya fara turo maka? Ni a kara duk dabbar da aka fara turo mini, ciwo gare ta. Koma baya ka ga aiki."

Ya naɗe hannun riga. Ya ɗaga mai inci huɗun da hannu ɗaya, ya jinjina, ya taɓe baki. "Wannan ko yaye shi ba a yi ba."

Ya koma kan mai shida. Ya sa hannu biyu ta ƙarƙashinsa ya ɗaga, yadda ake ɗaga rago ta ƙirji a ji nauyinsa. Ya ajiye, ya bi gadon bayansa da babban yatsa yana dannawa, ya doka masa tafi, ya kara kunne. Ya kifa shi ya leƙa cikinsa.

"Ramamme ne. Buɗe mini bakinsa in ga haƙora."

Nafi'u ya ce, "Baba, ba a buɗewa. Hannun ake murzawa a ji ko yana wasa. In ba ya lako-lako, to lafiyarsa lau."

Cindo ya dube mu. "Kun ji ko? Ya hana a ga haƙora."

Ni dai kunya ta ishe ni, na juya ina kallon titi kamar ba tare muke ba. Maƙwabtan shago har sun fara taruwa.

Daga nan Cindo ya yi kamar zai fita, ya bi ta lungu, ya yi tuntuɓe da ƙaton nan da gangan. Ya sunkuya ya kama shi. Ko gezau. Ya gyara tsayuwa, ya yi bismilla, ya sake kamawa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ko motsi. Na ga idonsa ya yi haske, amma nan take ya haɗe rai, don a ka'idarsu ba a nuna wa mai kaya wanda ake so. Ya shure shi da ƙafa.

"Wannan tsohon fa? Ya ƙare, amma faɗi mu ji."

Nafi'u, Allah ya saka masa, ya faɗi gaskiya. "Baba, wannan na manyan injina ne. Wallahi ya fi injin naku nauyi. Ba zai hau ba."

Cindo ya raɗa wa Malam Ilu, raɗar da duk layin suka ji: "Ba ya son rabuwa da shi. Wani ya ajiye wa."

Malam Ilu ya ce, "Cindo, a wayar fa sun ce a duba tazarar wuƙa…"

"Bature ne zai koya mini zaɓe? Dubi ƙirji! Dubi faɗin baya! Ka shiga unguwa da wancan ɗan tsakon a leda, wa zai san ka sayo abu? Wannan kuwa sai an fito kallo."

Maganar fitowa kallon nan ita ta kashe Malam Ilu. Na ga ya gyara hula, na san an gama.

Aka shiga ciniki. Cindo ya fita daga shagon sau uku yana cewa mun fasa, sau uku yana dawowa ba wanda ya kira shi. Da aka daidaita ya kama hannun Nafi'u ya haɗa da na Malam Ilu, ya ɗaga murya yadda ake yi a kara: "Jama'a ku shaida, an sallama! Ba mai dawowa gobe ya ce a warware!"

Nafi'u ya ce, "Na yarda, Baba. Ni ma abin da zan roƙa ke nan. Shekara shida yana lungun nan."

Mu huɗu muka ɗora shi a Keke Napep, har da mai keken, yana ta mita. Keken ya karkace gefe guda, muka taho a hankali, Cindo na gaba yana ɗaga wa mutane hannu. Wajen sauke shi ne ƙuguna ya ce ƙas. Ba wanda ya ce mini sannu, suna can suna yaba ƙiba.

Bayan an sauko daga Juma'a muka taru a zaure, muka yi kukan kura muka ɗora shi kan teburin injin. Jama'a, abin tausayi. Teburin ya ɓace gaba ɗaya a ƙarƙashinsa, faifan ya leƙo gaba, ya tokare ginshiƙin injin ta baya. Malam Ilu ya murza wuƙar sama har ƙarshenta, amma bakinta na zaune daram a kan faifan, ko reza ba za ta shiga tsakani ba, balle ƙarfen da za a yanka. Ya kama hannun teburin zai matsar da shi, ya ƙi. Sai bencin ya fara ƙara, injin ya duƙo gaba a hankali. Na yi maza na tara kafaɗa, ni mai ciwon ƙugu. Haka na tsaya riƙe da inji, zufa na keto mini, raina in ya yi dubu ya ɓaci.

Cindo ya zagaya, ya duba ta nan, ya duba ta can, ya ce, "Injin ne bai ƙoshi ba."

Ana cikin haka sai ga sallamar Hajiya Uwani daga ƙofar cikin gida. Ta yafa mayafi, hannunta duk gari, don tun safe ta tankaɗe fulawa tana jira. Ta dubi injin da ya duƙa, ta dube ni a ƙarƙashinsa, ta dubi tiren da injin taliyarta ke zube. Muka gaisa a haka.

Ta ce, "Malam, gobe ne fa. Mutanen Haɗeja sun bugo, da asuba za su taso. Haƙora nawa aka yanka?"

Malam Ilu ya cire hula ya mayar. "To, ai… wata 'yar matsala ce ta tazara. Ana kan nazari."

"Ko ɗaya?"

Malam Ilu ya girgiza kai. Wallahi a lokacin tausayinsa ya kama ni, duk da ni ke ɗauke da kayan. Cindo kuwa ya ga za a kunyata abokinsa a gabansa, ya matso ya dafa faifan yana shafa bayansa.

"Hajiya, kwantar da hankalinki, ba a yi asara ba. Ni na zaɓo shi da hannuna. Shekara arba'in ina zaɓen rago, ban taɓa kawo wa mutum ramamme ba. Duk Panteka babu mai ƙibar wannan, mu huɗu muka ɗauko shi!"

Hajiya Uwani ta kakkaɓe garin hannunta, ta ce, "Madalla, Malam Cindo, Allah ya amfana. To a kira mahauci ya yanka shi da sassafe, don baƙina dai sai sun ci wani abu."